Jitar Bahago

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Asabar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Challawa, iska tana kwasar ledoji a bakin get ɗin kamfaninmu tana cilla su sama. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kekena, na sha shadda ruwan toka da hula zanna, na fesa turare har maigadi yana tambayata ko ɗaurin aure za ni. Murna nake yi, irin wadda take hana mutum tsayawa wuri ɗaya, amma akwai tsoro a ƙarƙashinta. Ku yi haƙuri da ni, masu karatu, ni ba mai sauri ba ne, ko a magana haka nake. Sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin da ya sa na ci ado ranar aiki.

Sunana Ashafa. Daga wani ƙauye na fito a ƙasar Ringim, karatuna allo ne da firamare, ita ma ban ƙarasa ba. Shekara shida ke nan ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, inda ake buga butoci da bokitai. Inji zai tofo buta da ɗuminta, gefenta da ragowar roba wadda muke ce wa gemu, ni kuma in sa wuƙa in aske gemun in jefa ta kwando. Daga nan kwandon ya wuce ɓangaren mata, su ɗaure dozin-dozin da igiyar leda. A can Aina'u take. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana, amma idan ta yi guda ɗaya sai ka kwana uku kana juya ta.

Kiɗa kuwa ciwo ne da na taso da shi, kuma shi ya jawo min abin da ya jawo min. Da kalangu na fara, wajen wani dattijo a Dorayi. Wata takwas na ajiye. Na koma gurmi, na yi kusan shekara, na ajiye. Na ɗauki kukuma, har maƙwabtana na gidan haya suka fara tambayar wa yake yanka akuya kullum da yamma. Ita ma na ajiye. Daga nan sai piyano a situdiyon abokina Abdulbaƙi da ke Na'ibawa. Kowanne iri ɗaya ne: watan farko kamar in haɗiye shi don so, in ɗauki hoto da shi in sa a sitatus, in kwanta yana gefen katifata. Sai in zo wani wuri hannuna ya tsaya. Kunnena yana jin abin da ya kamata ya fito, kaina ya san shi, amma yatsun sai su zo a makare, kamar mai tafiya da takalmin wani. In yi ta fama, in yi ta fama, wata rana in wayi gari ba na son ko kallonsa. 'Yan kamfaninmu suka sa min suna Canje-canje. Ni ma dariya nake yi idan sun faɗa, don ban san sunan zai bi ni har inda ba na so ya bi ni ba.

A cikin garin Sharada akwai wani kafinta, Malam Usaini. Ƙofofi da gadaje yake yi, amma an fi saninsa da gyaran kayan kiɗa masu tsirkiya, har daga Sabon Gari ake kawo masa jita idan wuyanta ya karye ko ya lanƙwashe. Lokacin da gurmina ya tsage, wajensa na kai. Kafin ya gama gyara zuciyata ta koma kan kukuma, ban koma ba. Da kukumar ta samu matsala, kunya ba ta hana ni ba, na sake kai masa, na ce zan zo in haɗa su duka in karɓa. Shekara biyu ke nan.

To, jama'a, Malam Usainin nan shi ne mahaifin Aina'u. Wallahi ban sani ba sai da maganar aure ta yi nisa tsakanina da ita.

Da ta gaya wa Ummanta, Umma ta kai maganar gaba. Aina'u ta ce tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin su ta tagar shago. Baba ya tambaya wane Ashafa. Aka kwatanta masa. Sai ya nuna bango inda gurmi da kukuma suke rataye, ya ce, "Mutumin da ya bar abu biyu a bangona bai waiwaye su ba, ba zan ba shi na uku ba."

Bai ɗaga murya ba, bai ce ina da wani mugun hali ba, bai ma ce don kiɗa ba ne, tunda shi kansa da kayan kiɗan yake ci. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma wata huɗu bai ƙara ba. Kawuna Mamman, wanda shi ne uba a gare ni tun rasuwar mahaifinmu, duk Juma'a bayan an sauko sai ya kira ni daga Ringim, ya ce goro fa yana bushewa, yaushe za su zo gaisuwa? In ce masa an kusa. Ya ce tun rani ake kusa, ga shi har an yi shuka.

Ana cikin haka, wata Laraba mun tashi daga aiki, ina tura kekena tana gefena da hijabinta ruwan ƙasa, muna tafiya zuwa inda take hawa adaidaita, sai ta ce min ita fa ko butoci ɗari biyar aka zube mata, za ta ware nawa. Na ce ta yaya, tunda duk inji ɗaya ya haife su. Ta ce askin kowa daga dama yake gangarowa, nawa ne kaɗai yake tahowa ta ɗaya gefen.

"Kai bahago ne," ta ce.

Na tsaya cak. Ban taɓa gaya wa kowa a Kano ba. Ina yaro, kakata Jummai, Allah ya ji ƙanta, da ɗankwalinta take ɗaure min hannun hagu a jikina idan za a ci abinci, daga baya har idan zan yi shara ko jifa. Ba don ƙi ba, so take in zama kamar kowa, kada a yi min gori. Na koyi ci da dama, gaisawa da dama, miƙa abu da dama, kuma har gobe ina gode mata a kan waɗannan. Amma abin ya zarce, ya zama duk abin da zan yi a gaban mutane sai hagun ya ɓuya da kansa. A kamfani ma da dama na fara aski, sai da na yanke sau uku, na lura ba mai kallon hannun kowa a cikin ƙarar inji, sannan na mayar da wuƙar inda take so.

Na ba ta labarin nan duka a bakin titi. Ta saurara, ba ta yi dariya ba. Da adaidaita ta tsaya, ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta juyo.

"Kiɗan fa, da wane hannu kake yi?"

"Da dama mana."

"Wa ya ce?"

Ta shige, suka tafi, suka bar ni da baki buɗe.

Washegari da yamma na tafi Na'ibawa. A situdiyon Abdulbaƙi akwai jitar bes, irin doguwar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ba a kunne ake jinta ba, a ƙirji ake ji. Wata biyu ina taɓa ta, don ko a piyano ma Abdulbaƙi ya sha cewa hannuna na hagu, mai buga ɓangaren kauri, ya fi na daman wayo. Ita ma bes ɗin na fara jin alamar wurin nan da hannu yake tsayawa. Ranar ba kowa a ɗakin, Abdulbaƙi yana ciki da abin ji a kunnensa yana haɗa wata waƙar biki. Na ɗauke ta, na waiga kamar ɓarawo, na juya ta. Wuyan ya koma dama, yatsun hagu suka sauka a kan tsirkiya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san idan mutum ya daɗe a tsugune ya miƙe, jini ya sauko ƙafarsa? Haka na ji tun daga kafaɗa. Abin da kunnena yake ji, kafin in gama jinsa yatsun sun riga sun kai. Tsirkiyoyin a juye suke, mai kaurin ta koma ƙasa, ina ta kuskuren wuri, amma bugun kansa, lokacinsa, nauyinsa, duk ga su nan kamar dama jirana suke yi. Na bi waƙar da take fitowa ta sifika, na zauna a ƙarƙashinta daram. Ban san Abdulbaƙi ya fito ba sai da na ɗago na gan shi a bakin ƙofa, abin jin yana rataye a wuyansa.

Ya ce, "Canje-canje, wa ya shiga jikinka?"

Na ce ba kowa, ni ne na shiga.

Har aka kira magariba ban ajiye ba. Da na ajiye, sai ga damtsena ya yi ja, don maɓallan murɗa sauti da ya kamata su kasance a ƙasa sun dawo sama suna cin naman hannuna, wayar sifika kuma tana tokare min gwiwar hannu. Abdulbaƙi ya ce ba zai yiwu a juya tsirkiyoyin wannan ba, mutum huɗu ne suke amfani da ita. Ya ce ta bahago daban ake ƙera ta, kuma shi duk yawonsa a kasuwar Sabon Gari bai taɓa ganin ko ɗaya a rataye ba. Sai dai a yi min tawa, da awon hannuna. Na ji kamar in tashi sama. Sai ya ɗaga yatsa ya ce in tsaya in ji sauran: kalangu na bayar da shi ga wani, piyano dama ba nawa ba ne, amma wannan idan na gaji da ita ba mai karɓa ko kyauta, don duk Kano bahagon mai bes nawa ne? Sannan ya ce mutum ɗaya ya sani da ya taɓa sassaƙa bes tun daga katako, har guda biyu, kuma suna nan suna aiki. Wani kafinta a Sharada.

Na ce kada ya faɗi sunan. Ya faɗa.

Kwana goma sha shida na yi ina juya maganar. Da safe in ce zan je, da azahar in tuna bangon nan in fasa. Ina aski a kamfani, yatsuna suna buga gefen buta kafin in jefa ta kwando. Duk yamma ina Na'ibawa, na naɗe damtsena da tsumma saboda maɓallan. Kuma ga abin da ya fi damuna, zan faɗa muku gaskiya: kowane kayan kiɗa da na ɗauka, haka na ji a farkonsa. Ta ina zan san wannan ba irinsu ba ne? Abu biyu kawai na lura da su. Na ɗaya, ban ɗauki hoto da ita ba, ban ma tuna ba. Na biyu, kullum ina jiran wurin nan da hannu yake tsayawa, kullum sai in wuce inda na tsaya jiya.

Na rubuta wa Aina'u: "Kin san wajen wa za a yi ta?"

Ta amsa: "Na sani tun ranar da na tambaye ka."

Na rubuta: "In je?"

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, ina kallon alamar. Can sai ga shi: "Kada ka je don ni. Idan ka san ita ma a bango za ta ƙare, ka zauna. Bangon Baba ya cika."

Na karanta ya fi sau goma. Da ta ce in je, da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Ba ta ce ba. Ranar Juma'a Kawu Mamman ya kira kamar kullum, na ce masa gobe zan san matsayina, ya ce Allah ya sa a dace. Abin da ya sa kuka gan ni da shadda a bakin get ke nan. Ita ta riga ni tashi, kuma ina shirin hawa keke saƙonta ya shigo: "Yana shago. Ya ci dambu, ransa fes. Kada ka yi ta sunkuyar da kai har ka manta abin da ya kai ka."

Shagon a jikin gidansu yake, rumfar kwano a gaba, ƙofofi sababbi a jingine, ƙasa duk garin katako, ƙamshinsa ya haɗu da na hadari. Malam Usaini yana tsaye a bakin teburin aikinsa, farin gemu, tsohuwar riga mai gajeren hannu, fensir a maƙale a kunne. Na jingine keke a waje, na cire takalmi, na durƙusa tun daga bakin rumfa. Na gaishe su, na tambayi aiki, na tambayi iyali, ya amsa duka a natse. Ina satar kallon bango. Gurmina da kukumata suna nan, an gyara su tsaf, ba ko ƙura a jikinsu. Wato shekara biyu yana goge su. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

"Ka zo karɓar kayanka ne?"

Na ce, "Da su, Baba, da kuma wata alfarma. Bes nake so ku yi min."

Ya dube ni a karo na farko. Ya tambaya wannan na nawa ke nan, na ce na biyar, idan an sa piyano. Ya ce a sa shi mana. Ya tambaya me ya hana ni sayen ta kasuwa, sai na ji bakina ya ce ta awon hannuna nake so. Gaskiya ce, amma rabinta. Sauran rabin na ɓoye. Ta yaya zan durƙusa gaban mutumin da nake neman 'yarsa in buɗe baki in ce masa hagu?

Ya shiga ciki ya jawo wani katako mai kauri, ja, ya kwantar a kan tebur ya shafa shi da tafin hannu. Ya ce maɗaci ne, shekara huɗu yana bushewa a rufin shagon, kuma shi kaɗai gare shi. Ya ce aikin wata uku ne idan Allah ya ba da lafiya, ƙarafan da wayoyin ni zan nemo, shi nasa itace. Ya ce abin da aka yanka da awon mutum, na mutumin ne har ya mutu, ba a mayarwa ba a musanyawa.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Ji daban, ɗauka daban."

"Na ɗauka."

Sai ya zaro wani kwali da aka yanka da siffar jikin bes, an ɗaura masa siririn katako a matsayin wuya, da igiyar ratayawa. Ya ce in miƙe in rataya yadda nake riƙewa. Na karɓa da hannu biyu. To a nan ne, jama'a. Wallahi ban yi shawara ba, ban ce bari in ɓoye ba. Jikina ne kawai ya yi abin da ya saba yi a gaban manya tun ina shekara biyar. Hagun ya ja baya ya kama wuya, daman ya zo gaba ya zauna a kan tsirkiyar da babu. Na tsaya ƙiƙam kamar kowa, kaina a ƙasa.

Ya zagaya ni da tef ɗin awo. Ya auna daga kafaɗa zuwa yatsa, ya auna tafin hannu, ya ɗaga kwalin ya sauke, ya yi alama a fuskarsa. Yana sunkuyawa sai fensirin ya zame daga kunnensa. Kafin ya kai ƙasa na cafke shi. Sai da na ji shi a tafina na gane da wane hannu na cafka. Na yi maza na mayar da shi dama, na tallafa da ɗayan, na miƙa. Ya karɓa, ya mayar kunne. Ya ce yau zai zana a jikin katakon, idan an kawo wuta ya yanka. In je, Allah ya yi albarka.

Na fito kamar ba a ƙasa nake taka ba. Ya karɓi aikina! Ya ce Allah ya yi albarka! Na hau keke ina murmushi ni kaɗai, ina buga kiɗa da yatsu a kan kan keken, har na wuce kwanar da zan bi zuwa Dorayi, unguwarmu, sai da na dawo. Ban yi nisa ba ruwa ya sauko, manya-manyan ɗigo, na fake a rumfar wani mai faci tare da 'yan acaɓa biyu. Na ciro waya don in ba Aina'u labari, na tarar ta riga ni.

"Ya aka yi?"

"Ya karɓa. Har ya auna ni. Maɗaci ne, ja, ki ga kyansa."

"Alhamdulillahi. Me ya ce da ka gaya masa?"

"Gaya masa me?"

"Ashafa. Hagun."

Na tsaya ina kallon kalmar. Ruwa yana dukan kwano, 'yan acaɓa suna gardamar ƙwallo, ni kuwa na ga kaina a tsaye a shagon, wuyan kwali a hannun hagu, alamar fensir a fuskar da bai kamata ba. Na je har gaban mutumin da nake tsoro, na roƙi abin da ba a mayarwa, katakon da ya shekara huɗu yana jira, kuma na sa an auna min irin wadda take rataye a kowane shago a Sabon Gari. Wata uku zai yi yana sassaƙa ta, in karɓa, hannuna ya zo ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ta uku a bango.

Ina cikin wannan sai ƙwan fitilar mai faci ya kama. Wani daga cikin 'yan acaɓan ya ce, a'a, yau da wuri suka kawo.

Ban san lokacin da na hau keken ba. Na ji mai faci yana cewa malam ruwa fa, shaddarka fa. Titin Sharada idan ana ruwa kun san shi, ramuka duk sun ɓuya, tirela ta wuce ta watsa min jan ruwa tun daga hula har takalmi. Ina taka feda ina addu'a, ba wata doguwa ba, Allah ka sa bai kunna ba, Allah ka sa bai kunna ba. Na yar da keken a jikin bango a cikin ruwan, na faɗa rumfar da takalmina, na tuna, na koma na cire.

Yana tsaye a bakin injin yanka yana ɗaure zarto, katakon a kan tebur, kwalin a kwance a kansa. Na durƙusa, ruwa yana zuba daga hulata yana huda garin katako. Numfashina ya ƙi daidaita. Bai juyo ba.

"Mantuwa ka yi?"

"Baba, ku yi haƙuri. Ku dakata da yankan. Riƙon da na yi ɗazu ba nawa ba ne. Ni bahago ne."

Ya ci gaba da ɗaure zartonsa har ya gama, ya gwada shi da yatsa.

"Abinci da wanne kake ci?"

"Da dama."

"Gaisawa fa?"

"Da dama, Baba."

"To ina abin ɓoyo a sauran?"

Ya ce in taso in gani. Na taso. Ya ɗage kwalin. A kife yake, fuskar da ya yi wa alama tana kallon katako, kuma zanen da ke jikin maɗacin, da fensir mai kauri, wuyansa dama yake kallo. Har wuraren maɓallan ya zana, ƙananan da'ira uku, a inda ba za su taɓa damtsen bahago ba.

Ya ce shekara talatin yana maƙala fensir a kunnen nan, bai taɓa faɗuwa da kansa ba. Ya ce tun da na rataya kwalin ya ga na riƙe shi kamar jaririn maƙwabta. Sannan ya kalli bango, ya kalle ni, da jiƙaƙƙiyar shaddata da ta koma kalar titi.

"Gurmi ba ka dawo ba. Kukuma ba ka dawo ba. Wannan ko yanka ta ba a yi ba, ka dawo cikin ruwa."

Ya buɗe akwatin kayan aiki ya ciro sanfefa, takardar gugar katako, ya kama hannuna na hagu da kansa ya danƙa min. Ya ce shi zai yanka ya sassaƙa, amma gugar tawa ce, duk Asabar bayan azahar har a gama, kuma kada in sake zuwar masa da shadda. Ya juya wajen injin, ya ɗora katakon, ya daidaita shi da layin fensir. Sai ya ce, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, "Kawun nan naka na Ringim, idan zai zo, shi ma Asabar ɗin ce ta fi min."

Na buɗe baki. Ya danna maɓalli, injin ya ɗauka da ƙara har kwanon rumfar yana amsawa, zarto ya shiga maɗacin, jan gari ya tashi. Duk abin da na faɗa, ni ma ban ji shi ba. Na tsaya da sanfefa a hannu ina kallo har ya zagaye ƙahon farko na jikin bes ɗin, sannan ya ɗaga min hannu alamar in tafi, ba tare da ya ɗago ba.

Ruwan ya tsagaita, saura yayyafi. Na fito ina neman kekena inda na yar da shi, ban gan shi a ƙasa ba. An tashe shi an jingine a ƙarƙashin rufin zaure, an rufe sirdin da leda, an ɗaure da igiyar leda irin ta kamfaninmu. Na sunkuya na dubi ƙullin. Zagaye biyu, a soke ta ƙasa, a bar kunne ɗaya don saurin kwancewa. Ko dozin ɗari biyar aka zube min, zan ware wannan.

Ƙofar gidan a rufe take, labulen tagar bai motsa ba. Na ja kunnen igiyar a hankali, na naɗe ta na sa a aljihu tare da sanfefar, na hau busasshen sirdi na kama hanyar Dorayi.